Kyaftin ya ce in fito, na cire riga na jefar

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, shekarata 48, ina kuma taɓa noman rani a bakin kogi. Da ƙuruciya ni ne lamba tara na garinmu, har daga ƙauyukan kusa ake zuwa ɗaukata haya. Na bar ƙwallo sama da shekara 20. Bara aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki, shi ne na shiga cikin masu buga ƙwallo ranar Asabar da safe a filin makarantarmu. Kyaftin ɗinmu yaro ne da na koyar a aji uku. Sati uku da suka wuce muna wasan sada zumunta da wani ƙauye, ko hutun rabin lokaci ba a je ba ya ɗaga murya ya ce, "Malam, fito ka huta." Na yi kamar ban ji ba. Can aka ƙwace ƙwallo a ƙafata aka je aka ci mu. Ya sake cewa in fito, a gaban jama'a, har da babban ɗana yana tsaye. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganar da ba zan maimaita ba, na cire riga na jefar na yi tafiyata. Yanzu yayana yana cewa dama girma ya kama ni, mai furfura ba ya bin ƙwallo da gajeren wando. Uwargida ta ɓoye takalman. Shi kuma ɗan nawa dama muna 'yar tsama, tun da na hana shi kai albasa kasuwa shi kaɗai. Na taɓa karantawa ka ce ka yi wasan ƙanƙara a ƙasar Turawa da girmanka. In bar ƙwallon ne, ko in jira yaron ya zo ya ba ni haƙuri?

Daga tsohon lamba tara, ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya huci zuciya.

Kada ka bar ƙwallo, kuma kada ka zauna jiran yaron. In ka ce jira za ka yi, shi ma yana can kunya ta hana shi tunkarar zaurenka, a haka damina za ta riske ku, fili ya koma ciyawa, ƙaramar magana ta zama gaba. Amma tunda ka tono zancen ƙanƙara, bari in ba ka labarin ranar da aka ce ni ma in fito. Abin da ka yi na yi kusan irinsa, sai dai ni ban sami damar jefar da riga ba, don cire kayan wasan nan kaɗai aikin minti goma ne.

Karatun aikin gona ne ya kai ni Saskatoon, wani birni a tsakiyar filayen alkama na Kanada, ina da shekara 41. Sanyin can ba ya faɗuwa ga wanda hunturun Jigawa ne iyakar saninsa. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe 9 na safe, kafin 5 na yamma ta faɗi, kuma akwai ranakun da ma'auni ke sauka digiri 30 ƙasa da sifili, gashin hanci ya daskare tun kana bakin ƙofa. Wata biyu na yi daga ɗakin kwana sai ɗakin karatu. Na ajiye teɓa, na zama mai saurin fushi. Maƙwabcina, wani mai gyaran famfo, shi ya ja ni. Ya ce ƙungiyarsu na neman mutum, kuma ba gwani suke nema ba, wanda zai biya kasonsa na kuɗin hayar fili suke nema.

Wasan shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara, su hoki suke ce masa. Duk wanda ya taso a karkara ya kori ƙodagon goruba da sanda mai lanƙwasa ya san tushen abin. Sai dai filin nasu daɓen ƙanƙara ne, tsawonsa kusan mita 61, faɗinsa 26, an kewaye shi da katanga da gilashi. Takalmin kuwa wani siririn ƙarfe ne a ƙasansa kamar wuƙa, a kansa za ka tsaya. Ƙwallon ba mulmulalle ba ne, baƙar roba ce mai tauri, fasalin waina, nauyinta bai wuce giram 170 ba, amma in ta same ka a inda babu kariya sai ka kira sunan kakarka. Mutum shida-shida ne: 'yan gaba uku, 'yan baya biyu, da mai tsaron gida. Tun 1875 da aka yi wasan farko mai tsari a rufaffen ɗaki a Montreal abin ya shiga jininsu, har a 1994 majalisarsu ta yi doka ta ce shi ne wasan ƙasa na hunturu. Yadda yaronmu ke tashi da ƙwallon tsumma, haka nasu ke tashi da sanda.

Wanda na shiga ba irin na talabijin ba ne, na magidanta ne. An hana bangaza, don kowa yana da aikin da zai je da safe. An raba mutane aji-aji bisa iyawarsu, mu muna can ajin ƙarshe. Lokutan kirki na yara ne, mu sai ƙarfe 10 ko 11 na dare ake ba mu fili, kuma ba mai zuwa kallo, ko matansu. Su da bakinsu gasar giya suke kiranta, saboda abin da ake buɗewa a ɗakin canja kaya bayan an tashi. Ni filas ɗin shayi nake zuwa da shi, mai citta da kanumfari, kuma kafin hunturu ya fita sai da na koma zuwa da filas biyu.

Ranar da na fara taka ƙanƙarar nan, kafin in rufe bismillah ina ƙasa. Wanda aka ba mu ya koya mana, mu sababbin shiga, yaro ne da bai wuce shekara 20 ba, a haife na haife shi. Bai fara da gudu ko bugu ba. Cewa ya yi kowa ya faɗi da gangan. Muka zube. Sannan ya nuna mana tashi: ka juyo ka durƙusa a kan gwiwa biyu, ka kafa ƙafa ɗaya, ka dafa gwiwar da hannu biyu, ka miƙe a hankali. Rabin sa'a muna faɗuwa muna tashi, yara 'yan shekara biyar suna wuce mu fuu kamar tsattsewa. Na ji kunya, ba zan ɓoye maka ba. Ni da na baro mata da 'ya'ya huɗu a Kano, ni da ake rusuna wa a wurin aiki, ga ni ina rarrafe yaro yana cewa in sake. Sai da na yi sati uku kafin na lura ba mai kallona. Kowa ta ƙafarsa yake yi.

Na kawo wannan ne saboda kalmarka ta "yaron da na koyar a aji uku", don na ga a nan ƙayar ta soke ka. Kai malaminsa ne, har gobe kuma kai ne, in ya gan ka a hanya zai sauka daga babur ya gaishe ka. Amma ku da kanku kuka ba shi kyaftin. Ranar da kuka ɗaura masa ƙyallen nan a damtse kun ba shi izinin ya ce wa kowa fito, kuma ba ku ce ban da Malam ba. Liman ma in ya shiga motar haya ta kafe a yashi, direba ne ke cewa a sauka a tura.

To ga inda na yi nawa abin kunyar. A wasan ƙanƙara ba a tsayar da wasa don canji. Ana cikin gudu wanda ya gaji zai nufo benci, wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa, wasa na tafiya. Kuma zaman mutum a fili gajere ne ƙwarai. Ƙwararrun da ake biya miliyoyi, samari majiya ƙarfi da ba su da aikin da ya wuce atisaye, wajen daƙiƙa 45 suke yi, in ta yi tsawo minti ɗaya, su fito. Su ɗan huta su koma. A wasa guda mutum zai shiga ya fita sau 20 ko fiye. Dalilin a jiki yake. Gudun da ake yi da iyakar ƙarfi, tsoka na cin wani tanadi ne da ba ya jiran numfashi, kuma tanadin nan ɗan kaɗan ne. Da ya ƙare sai cinya ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Abin haushin shi ne ido da ƙwaƙwalwa ba sa gajiya tare da ƙafa. Kana ganin ƙwallo sarai, ka san inda ya kamata ka tsaya, a ranka ma ka riga ka isa, amma ƙafar tana baya da taku biyu. Kai kana jin kana nan da ƙarfinka, na bakin fili kuwa tuni sun ga ka ƙare.

A wata na huɗu na fara iya tsayawa da juyawa, sai daɗi ya kwashe ni. Wani dare na shiga na ƙi fita. Ina jin ana buga sanda a jikin katanga ana kiran sunana, na yi kunnen uwar shegu, don gani nake saura ƙiris in ci ƙwallona na farko. Na kai wajen minti uku. Aka ƙwace, wanda ya kamata in bi ya wuce ni kamar an dasa ni, aka zura mana. Da na lallaɓo benci ba wanda ya yi mini tsawa, kuma wallahi da tsawar aka yi da ta fi mini sauƙi. Wani dattijo manomin alkama, ya haura 65, ɗan baya ne, ya matsa ya ba ni wuri. Ya bari sai da numfashina ya dawo. Sannan ya ce mini, a hankali, minti biyun da na ƙara ba nawa ba ne, na wancan ne. Ya nuna wani direban bas da ke zaune jikinsa ya huce, wanda ya biya kuɗi daidai da nawa, ya baro iyalinsa da tsakar dare ya zo. Ya ƙara da cewa in riƙa fitowa tun ina da sauran ƙarfi, don dawowa bencin ma da ƙafa ake yi.

Daga baya na gane canjin yana da ladabinsa. Ba a fita lokacin da abokan karawa suka taso wa gidanku, wannan gudu ne, ka bar 'yan'uwanka da giɓi. Ana fita ne lokacin da ƙwallo ke can gidansu, komai na tafiya daidai, wato daidai lokacin da rai ba ya son fita. Shi ma mai shiga da nasa sharaɗin. In ya yi azarɓaɓi ya faɗo fili ya sa sanda tun na ciki bai iso ba, alƙali zai busa ya ce mutum ya yi yawa, a hukunta ƙungiyar gaba ɗaya.

Sai da na dawo gida na ga ashe mun daɗe da sanin wannan, a wurin da ba na wasa ba. Dubi yadda muke ɗaukar makara zuwa maƙabarta. Ba a ajiyewa don a canja hannu. Ana tafiya wani zai matso ya sa kafaɗa, na ciki ya zame, ba wanda ya ce an raina shi, ba wanda ya ce shi ya fi kusa da mamaci don haka shi zai kai har bakin kabari. Wanda ya zame ya yi taku kaɗan ya sake karɓa. In wani ya nace, ya hana 'yan'uwansa lada, kuma in ya yi tuntuɓe ba shi kaɗai abin zai shafa ba.

Abin da ya sa canji ke yi mana ciwo a ƙwallon ƙafa shi ne mun tashi da dokar manyan wasanni, inda wanda aka cire ya fita ke nan. A da mutum biyu ake canjawa, aka mai da shi uku, yanzu biyar. Shi ya sa a kunnenmu "fito" ke nufin "ka gaza". Amma ku ba Firimiya kuke bugawa ba. Ita kanta IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo, ta buɗe ƙofa a wasannin yara, na tsofaffin 'yan wasa da na unguwa, wanda ya fita ya iya sake shiga. Ku ɗauki wannan. Kafin a take wasa ku daidaita da ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya haura 40 ya yi minti 15 ya fito ya sha ruwa, bayan minti 10 ya koma. A ba wani a bakin fili waya ya riƙa duba lokaci, shi zai kira suna, ba kyaftin ba, don ba wanda zai ce agogo ya raina shi. Kuma kai nake so ka kawo shawarar, ka zama na farkon fita a ranar. In ta fito daga bakinka, sauran masu furfurar da ke haki a ɓoye za su sa maka albarka.

Ban wanke yaron tas ba. Da ya matso ya yi maka raɗa, ko ya turo wani sa'anka, da ya fi. Amma ka sake karanta abin da ka rubuto da hannunka. Na farko cewa ya yi, "Malam, fito ka huta." Akwai Malam a ciki, akwai huta. Na biyun ne ya zo da zafi, bayan ka yi biris da shi kuma an ci ku. Raini ba haka yake fara magana ba.

Ita kuwa rigar da ka jefar, ta tuna mini da wani ɗan keji da ke gefen filin ƙanƙara, inda ake tsare mai laifi. Na taɓa shigarsa sau ɗaya, na maƙale ƙafar wani da sanda don haushin ya wuce ni. Minti biyu ne kacal, amma kana zaune bayan gilashi kana kallon mutanenka huɗu suna fama da biyar, ban da masu tsaron gida, saboda zuciyarka. In aka ci ku kafin lokacin ya cika sai a buɗe maka ƙofa, ka ratso fili kowa ya san dalilin cin. Da aka tashi kuma dole a yi layi a gaisa hannu da hannu, har da wanda na maƙale. Ya riƙe hannuna ya yi dariya, shi ke nan. Ba a kwana da ita. Taka ta kwana 21.

Akwai kuma maganar gurbi. Ƙafar da ta yi lamba tara tana da shekara 22 ba ita ce a jikinka yanzu ba, amma idon yana nan, ya ma ƙara kaifi. A wasan ƙanƙara duk ƙwallon da aka ci ana rubuta sunan wanda ya zura, a kuma rubuta har mutum biyu da suka miƙa masa, kowa maki ɗaya, ba bambanci. Wayne Gretzky, wanda suke ɗauka gwanin gwanaye, ya ci 894 a babbar gasarsu ta NHL, amma waɗanda ya miƙa aka ci 1,963 ne. Ko da bai taɓa zura ko ɗaya da kansa ba, da waɗannan kaɗai ya fi kowa maki a tarihin gasar. Koma tsakiya, Malam. Karɓi ƙwallo, taɓa ɗaya ko biyu, ka tura wa yaran su yi gudun. Wanda ya taɓa zama ɗan gaba ya fi kowa sanin inda ɗan gaba ke son a ajiye masa.

Yayanka kuma a bi shi da ladabi, amma ba shi da gaskiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu, girmansa bai ragu ba. Roger Milla yana da shekara 42 ya ci wa Kamaru ƙwallo a ragar Rasha a gasar cin kofin duniya ta 1994. A ƙanƙara kuwa akwai Gordie Howe, wanda ya buga NHL har 1980 yana da shekara 52, a ƙungiya ɗaya da 'ya'yansa biyu. Inda yayanka ya taɓo gaskiya shi ne wandon. Nemi mai rufe gwiwa, ka ga ka toshe wannan bakin, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba.

Sai dai kada Milla da Howe su ruɗe ka, su ba su ajiye wasa shekara 20 ba. A nan ne nake so ka saurare ni da kyau, don uwargida ba don mugunta ta ɓoye takalman nan ba, tsoro take ji, kuma tsoronta yana kan hanya. Mutumin da ke zaune kwana shida, ranar bakwai ya fito ya yi gudun tsere da 'yan shekara 25, shi ne likitocin zuciya suka fi jin tsoro. A filayen ƙanƙara da yawa na can za ka ga na'urar farfaɗo da bugun zuciya rataye a bango, kuma ba don yara aka rataye ta ba, don irinmu ne. Filin makarantarku babu ita, asibitin da zai iya karɓar irin wannan kuma ba kusa yake ba. Saboda haka kafin ka koma ka je a sake auna jinin. In yana 140 bisa 90 ko sama, ka zauna da likita ka gaya masa ainihin abin da kake yi, ka ce ƙwallo ce da gudu, ba yawo ba. In an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye shi don ka ji garau, hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take so a sati na matsakaicin motsa jiki, kuma a bazu a cikin kwanaki ya fi a tara a safiya guda. Ka ajiye babur kwana uku ko huɗu a sati ka je fadama a ƙafa ko a keke, da sauri-sauri. Ranar wasa ka yi minti goma kana ɗumama jiki kafin a busa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, ku tashi kafin rana ta yi ƙarfi, jarkar ruwa na bakin fili. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko nauyi na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa, ka zauna nan take, a nemi mota. Wannan fitar ba ta jiran agogo.

Ka saka zancen ɗanka da albasa a ƙarshen wasiƙa kamar wanda ya tuna a bakin ƙofa, amma ni ina ganin shi ne ya sa maganar kyaftin ta yi maka zafi haka. Yara biyu ne suke ce maka abu guda, ɗaya a fili, ɗaya a gida, kuma na gidan yana tsaye yana kallo lokacin da ka ba na filin amsa. Iyayenmu da suka riƙe gandu ba su jira sai sun kwanta ciwo ba. Tun suna da ƙarfi suke yanka wa ɗa gayauna, su bar masa lokacinsa, abin da ya noma nasa ne, in ya yi asara ma tasa ce, a nan yake koyo. Yanzu mun bar wannan, sai uba ya riƙe komai har ranar da ya faɗi, a bar yaro da injin ban ruwa, da bashin taki, da dillalan da bai taɓa ciniki da su ba. Irin canjin da na ce ba a yi ke nan, lokacin da aka taso wa gida.

Bana ka ware masa buhu goma. Ya nemi motar da kansa, ya kai 'Yankaba ko duk inda kuke kaiwa, ya yi ciniki, ya biya la'ada, ya dawo ya zauna ya yi maka lissafi. Ka gaya masa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ka gaya masa dillalin da ka yarda da shi, daga nan ka kama bakinka. Kada ka kira shi a waya sau bakwai yana tsakiyar kasuwa. Mai yiwuwa a ɗan cuce shi a karon farko. Kai ma an cuce ka a naka karon farkon, ka dai manta ne. Sauran buhunan suna hannunka, ba ritaya na ce ka yi ba.

Shi kuwa kyaftin, kada ka aika, kada kuma ka tara jama'a. Nemi rigar nan a wurin wanda ya tsince ta, a wanke ta a goge. Bayan la'asar ka bi ta inda yake zama, ka kira shi gefe. Babba ba ya buƙatar dogon jawabi. "Abin da ya faru ranar nan, zuciya ce, a yi haƙuri," ya isa. Na san irin yaran nan, kafin ka rufe baki zai durƙusa yana cewa shi ne mai laifi. In ya huce sai ka ce masa nan gaba in zai cire ka ya matso kusa, sannan ka kawo maganar minti 15. In da hali ka tafi da ɗanka, ka ce ya raka ka, ba sai ka gaya masa dalili ba.

Takalma kuma kada ka yi bincike, ba za ka gano inda mace ta ɓoye abu a ɗakinta ba. Kawo mata katin asibiti da sabon awo a rubuce, ka ajiye mata a kan gado.